Aikin Dare a Gidan Burodin Kurna

Gidan burodin ba shi da allo. Idan ka sauka daga adaidaita sahu a Kurna, kan titin Katsina, ka kutsa cikin lungu, abin da zai nuna maka wurin shi ne tulin itacen da aka jibge a gindin katanga, da baƙin da hayaƙi ya yi wa saman garu, da babura a jingine, kowanne an ɗaure masa akwatin katako a baya. Gidan yana da suna, amma sunan yana kan 'yar takardar da ake cusawa cikin leda tare da burodin ne kawai, kuma ban ji wanda ya kira shi da shi ba. "Gidan burodin Alhaji" ake cewa, ko "na bayan masallaci", kuma ko ƙaramin yaro ka tara zai kai ka har ƙofa.

Mai shayin da nake zama teburinsa ne ya yi mini hanya. Ya ce in dai burodi nake son gani, kada in je da rana, don da rana lissafi ake yi da wankin gwangwani. Saboda haka tun kafin kiran sallar farko, cikin tsananin hunturu, na ƙwanƙwasa ƙyauren langa-langa na yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Malam ne? Shigo daga ciki, ka yi hankali da buhuna."

Zauren gidan shi ne sito. Buhunan fulawa masu kilo 50 suna jere a kan katako don kada su sha danshin ƙasa, kowanne da tambarin idon nan da ke nuna an ƙara mata bitamin A, abin da doka ta wajabta wa masu niƙa fulawa da masu sukari da man girki tun farkon shekarun 2000. A gefe ga buhun sukari, ga bokitan bota, ga katan ɗin yis, ga gishiri. Kusan iyakar abin da ke shiga burodi ke nan, sai ruwa, sai 'yan ƙananan haɗe-haɗen da kowane gida ke riƙe sirrinsu. Da buhu ake auna girman gidan burodi. Ba a tambayar mai gida burodi nawa ya gasa, buhu nawa yake tashi a dare ake tambayarsa. Manyan kamfanonin da motocinsu ke zaga gari suna tashin buhuna barkatai. Wannan gidan kuwa, ko ranar da kasuwa ta yi kyau, ba ya wuce abin da za ka ƙirga da yatsun hannunka.

Kana wuce zaure sanyi ya ƙare. Ni da na shigo da rigar sanyi da hula a kunne, na tarar da samari cikin singileti suna sharce gumi. Ɗaki ne dogo, da teburi mai tsawo a tsakiya wanda aka lulluɓe samansa da farin ƙarfe, janareta yana ruri a tsakar gida, rediyo yana magana a kan taga babu mai sauraronsa.

"Sannunku da aiki."

"Yauwa, Malam, sannu da zuwa. Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Ku dai ban ga alamar ya iso ku ba."

Injin kwaɓi ba shi da abin kallo, ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce da ake zuba wa fulawa da ruwa tana juyawa. Wanda ya tsayar da ni shi ne na biyu, injin murji. Ƙarafa biyu ne zagayayyu masu kauri, suna juyawa suna fuskantar juna, bel yana jan su, da 'yar tazara a tsakaninsu. Wani saurayi mai faɗin kafaɗa yakan sunkuci kwaɓin da ya cika masa hannu biyu ya jefa ta sama, ƙarafan su zuƙe shi su fitar ta ƙasa a shimfiɗe, ya cafe, ya ninka, ya juya, ya sake jefawa. Da farko kwaɓin a yayyage yake fitowa, duk ramuka, yana tsinkewa. Ana cikin maimaitawa sai ka ga ya fara haɗe jikinsa, ya yi sulɓi, ya yi sheƙi, iskar da ta maƙale a ciki tana fashewa ɗas, ɗas. Saurayin ba ƙirgawa yake ba. Ya dai ja gefe ɗaya ya miƙar a gaban fitila, ya ga bai yage ba, ya ce ya yi. Ban so yadda yatsunsa ke kusantar ƙarafan ba, ga shi injin ba shi da murfi ko shinge. Da na yi magana, Alhaji ya ce dokar gidan a kan injin nan biyu ce: mai gyangyaɗi ba ya hawa kansa, kuma ba a yi wa wanda ke kai magana. Sai na ja bakina.

Wannan murjin ne ya ba burodin Najeriya halinsa, wato cikin nan mai laushi da danƙo, wanda ba shi da manyan ramuka. Ana danganta shigo da injin da Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zauna Legas a farkon ƙarni na 20 ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta, har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi. Daga wannan zuriya burodin Agege ya fito, kuma daga bakin teku burodin gwangwani ya hauro Arewa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya daɗe yana abincin bariki da Sabon Gari kafin ya shiga lungunan birni, ya zama karin kumallon ɗan dako da ɗan makaranta.

Daga inji kwaɓin kan faɗa teburi, nan kuma sai sikeli. A nan na fi daɗewa a tsaye, don a nan na ga ainihin sana'ar. Tsohon sikeli ne mai faranti, fentinsa ya goge, allurarsa tana rawa. Yaro ɗaya yana yanka kwaɓi da guntun ƙarfe mai kaifi ya wurga kan farantin, ya dubi allura, ya tsinke ɗan kaɗan ko ya ƙara ɗan kaɗan, ya tura wa na kusa da shi. Hannunsa ya saba har sau da yawa ba ya buƙatar gyara. Masu naɗi su danne curin da tafin hannu, su naɗe shi, su matse bakin, su kwantar a gwangwanin da aka riga aka shafe da mai. A fuskar sikelin akwai 'yan layukan da aka ja da jan fenti, kowanne na girman burodi ɗaya. Da na matsa kusa sai na ga a gaban kowane layi akwai tabon wasu tsofaffin layukan da aka kankare, suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, waɗannan fa?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Malam, kowane ɗaya da ka gani ranar da fulawa ta tashi ce."

Ya yi mini bayanin da duk mai sayen burodi ya sani a hannunsa, ko bai taɓa jin sa da kunne ba. A unguwa da kuɗinsa ake kiran burodi: na 200, na 500, na 1,000. Uwar gida ta riga ta ƙulle kuɗin karin kumallo a bakin zane, mai shayi ya riga ya san kashi nawa zai yanka guda ɗaya. In ka ce na 500 ya koma 600, ka tada rigima da mutanen da za ku haɗu a sahu ɗaya nan da awa guda. Saboda haka kafin a taɓa farashi sai an taɓa sikeli, a rage ɗan kwaɓi, a bar shi ya ƙara tashi ya cika gwangwanin yadda ya saba. A ido girman yana nan. Shi ya sa za ka ga dattijo ya ɗauki burodi a kanti bai dubi takardar ba, ya ɗaga shi a tafin hannu, ya ɗan matsa gefensa, ya ajiye ya ɗauki wani. Iska yake gudun saya. Sai ragin ya kai inda kunya ba za ta bari a ƙara ba, sannan masu gidajen burodi su haɗu su ƙara kuɗi gaba ɗaya, don kada wani ya zama shi ne mugun.

Ba na ganin wannan a matsayin ha'inci, muddin abin da ke cikin ledar burodi ne na gaskiya. Amma ba zan ce yana mini daɗi ba. Na 500 ɗin da yara uku ke rabawa a da, yanzu biyu ma sai an haɗa da haƙuri.

Abin da ke jan layin nan baya ba a Kurna yake ba. Najeriya tana shigo da sama da tan miliyan 4 na alkama a shekara, daga Amurka da Kanada da Rasha da ƙasashen Turai, kuma abin da muke nomawa bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da muke ci ba. Jirgin ruwa ya sauke ta a Apapa, a niƙa, tirela ta hauro da ita, dila a kasuwar Singa ya ɗora nasa, ɗan kura ya turo ta har zauren Alhaji. Duk abin da ya sami dala ya sami wannan buhun. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tada farashin alkama a duniya. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan da ya biyo baya aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma zuwa farkon 2024 buhun fulawa ya haura naira 40,000. Sukari da bota da leda da dizal babu wanda ya tsaya jiran wani.

Abin takaicin shi ne alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin Bature kakanninmu suna noma ta a fadamu da rani, ana yin alkaki da alkubus da funkaso da taliya, abincin biki da na gidan sarauta. Da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Bako, cikin shekarun 1970, an yi fatan gonakin Kadawa da Kura za su ciyar da injinan niƙa. A daidai sanyin da nake tsaye a gidan burodin nan, alkama tana kore shar a can, don sanyi take so, shi ya sa kwanakin nomanta a wurinmu ba su da yawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a dole a koma ta gida. Alhaji yana yaron gida a lokacin, kuma abin da yake tunawa shi ne fulawar sumoga da ake shigowa da ita ta kan iyaka cikin dare, da burodin da aka cakuɗa da garin masara, wanda kan farfashe tun kafin ya isa baki. A 1992 aka janye dokar. Daga baya aka zo da zancen burodin rogo, a zamanin Obasanjo, aka sake tada shi a zamanin Jonathan, har aka nuna shugaban ƙasa yana ci a talabijin. Na tambayi Alhaji ko ya taɓa gasa shi. Ya ce shi ma a talabijin ya gani.

Gwangwanayen da aka cika ana jera su ne a kan kantoci, a jikin bangon da ke maƙwabtaka da tanderu, a rufe su da buhunan da aka zazzage. Da hunturu kwaɓi yana da nawa, sai an lallaɓa shi da ɗumi. Da bazara kuwa, watan Afrilu, gudu yake yi, in aka yi sakaci ya zarce ya yi tsami, har sai an sayo ƙanƙara an jefa cikin ruwan kwaɓi don a rage masa sauri. Babu agogon da ake dubawa. Ana ɗaga buhu ne a dangwala yatsa, in ramin ya taso a hankali bai cike gaba ɗaya ba, lokaci ya yi.

Tanderun yana ƙarshen gida. Ginin jan bulo ne mai rufin ƙubba, faɗinsa ya kai ƙaramin ɗaki, da 'yar ƙofar ƙarfe daidai ƙugun mutum. Mai gashin dattijo ne siriri, ba shi da yawan magana, gashin damtsensa duk ya ƙone, kuma na lura shi kaɗai Alhaji ke ce wa "Baba". Tun farkon dare ya cika cikin tanderun da itace ya kunna, ya bar bulon ya sha wuta ya ƙoshi. Yanzu ya janye garwashin gefe guda da dogon ƙarfe, ya ɗaura jiƙaƙƙen buhu a bakin sanda ya share toka, tururi yana tashi fuu. Sai ya ɗebi fulawa da yatsu uku ya watsa a ƙasan tanderun, ya sunkuya yana kallo. In ta yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa, a jira. In ta daɗe fara, wuta ta yi ƙasa. Wannan ta yi ja a hankali. Ya ce, "Bismillah, ku kawo."

Da doguwar sanda mai faffaɗan kai yake tura gwangwanayen, uku-uku, huɗu-huɗu, ya zame sandar ya bar su a inda yake so. Ƙanana ne ke fara shiga, su da ke jure zafin farko su fito da wuri, manya kuma sai wutar ta kwanta, don kada baya ya ƙone ciki yana ɗanye. Ya san kusurwar da ta fi zafi da wadda ke da sanyi, yana zuwa yana sauya musu wuri. Gidajen burodin zamani suna da na'urar gashi ta gas ko ta lantarki mai agogo da ma'aunin zafi, kuma ba na musun ta fi tsafta, ta fi sauƙi ga ƙirjin ma'aikaci, ta kuma fi tausayin dajin da ake sarowa ana loda wa manyan motoci. Tulin itacen da ke ƙofar gidan nan bishiyoyi ne jiya. Sai dai duk wanda ya ci burodin itace ya san akwai wani ɗan ƙauri mai daɗi a ɓawonsa da gas ba ya bayarwa, kuma na kasa raba gardamar nan tsakanin harshena da hankalina.

Fitowar farko ta zo daf da kiran assalatu. Baba yana jawowa, samari suna cafewa da tsumma, su buga gindin gwangwani a teburi, burodi ya faɗo, wani ya bi bayansa da soso yana shafa bota tana narkewa tana gangarowa. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya yi ta jujjuya shi daga hannu zuwa hannu saboda zafi, ya miƙo mini.

"Malam, bismillah. Kada ka nemi wuƙa."

Gaskiyarsa. Burodi mai zafi ba a yanka shi, wuƙa danne shi take yi ya dunƙule. Na kama shi da hannu biyu na ja, tururi ya bugi fuskata, cikin ya ware zare-zare kamar naman kazar da ta dahu luguf. Samansa ja ne mai duhu, da ɗan ƙarfi kaɗan, gefen da ya jingina da gwangwani kuma ya soyu cikin mai, yana da ɗan ƙaras-ƙaras. Wannan gefen shi ne daɗin burodi, kuma shi ne abin da leda ke fara kashewa. Na danna yatsa a tsakiya, wurin ya dawo. Gishirinsa ya ji, sukarin bai rufe ɗanɗanon alkamar ba, kuma da na haɗiye babu ɗacin nan da ke maƙalewa a maƙogwaro, wanda ke tona asirin gidan da ya sa sakarin don ya yi tsimin sukari. Na ci rabinsa a tsaye, babu shayi babu ruwa.

Bayan shi aka kawo sauran in ɗanɗana. Akwai mai murfi, wanda ake gasawa cikin rufaffen gwangwani ya fito da kusurwa huɗu, shi ake kaiwa injin yanka bayan ya huce. Ya fi kyan gani a faranti gaban baƙo, amma da yake bai ga wuta ido da ido ba, ɓawonsa fari ne, ba shi da labari. Akwai mai kwakwa, da aka naɗe da kankararriyar kwakwa da sukari, yara suna rububinsa, ni kuwa ya yi mini zaƙi da yawa. Akwai mai madara, rawaya-rawaya, mai nauyi, wanda ake saya in za a dubo mara lafiya a asibiti ko a kai tsaraba ƙauye. Sai 'yan ƙanana da ake jerawa manne da juna a faranti ɗaya, a ɓalle su ɗaya-ɗaya, na 'yan makaranta. A cikinsu duka na farkon nan na zaɓa, wanda ba a yi masa kwalliyar komai ba.

Ina da ƙorafi a kan burodinmu gaba ɗaya, ba na gidan nan kaɗai ba: mun cika masa sukari har ya kusa zama kek. Wanda ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram ya ci dogon burodin nan da suka gada daga Faransa, fulawa da ruwa da gishiri da yis kawai, mai ɓawo yana ƙara, ya san burodi yana iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da zaƙi ba, kuma ya fi shiga da miya da nama. Na faɗa wa Alhaji haka. Ya ce ya taɓa rage sukari, masu shayi suka dawo masa da shi suka ce mutane na cewa burodin salam yake. Kasuwa ta fi ni baki.

A takardar da suke sakawa cikin leda an rubuta da Turanci cewa babu buromet. Kusan kowane gida yana rubuta haka tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar NAFDAC, lokacin da aka yi yaƙi da wannan sinadarin da ke kumbura burodi ya yi girman banza, alhali yana da alaƙa da cutar daji da ta ƙoda. Rubutu dai ba ya hana komai, wanda zai saka zai saka ya kuma buga takardar. Abin da ya fi takarda ƙarfi a gida irin wannan shi ne, burodin da aka kai kanti shi ake aikawa cikin gidan Alhaji da safe, jikokinsa su ci.

Muka yi sallah a masallacin da ke jikin gidan. Kafin mu fito lungun ya cika. Masu babura suna loda akwatuna, masu shayi sun zo da buhunan leda, masu kanti sun turo yara. Wani ɗan Alhaji yana zaune bakin zaure da dogon littafi, kuma na lura kuɗin da ke shiga hannunsa bai kai rabin burodin da ke fita ba. Yawanci bashi ne, a ɗauka da safe a kawo kuɗi da yamma, ko gobe in an zo ɗaukar wani. Babu sa hannu, babu shaida, suna ne kawai da lamba, sunan ma sau da yawa laƙabi ne. Wanda ya yi kwantai yakan dawo da shi a rage masa, shi kuma kwantan a tara a sayar wa masu kiwon kaji da kifi da masu turkar raguna. Wanda ya ƙone ko ya karye wajen fitarwa yana da nasa kwandon, kuma almajiran makarantar allon da ke lungun sun san lokacinsa sarai.

Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, cikin hijabi har ƙasa, ta ratsa tsakanin manya ta miƙa kuɗi a dunƙule.

"Baba, wai in ji Umma a ba ta na 500, mai zafi, kuma wai kada a ba ta ƙonanne irin na jiya."

Aka kwashe da dariya. Alhaji da kansa ya tashi ya zaɓo mata, ya ɗora ɗan ƙarami ɗaya a kai. "Wannan naki ne. Ki ce ina gaishe ta, ki ce na jiya laifin Baba mai gashi ne." Daga can ciki Baba ya ce shi bai san zancen ba. Ledar ba a ƙulle ta ba, don in aka ƙulle burodi da zafinsa gumi yake yi ya jiƙe, kwana biyu ya yi funfuna. Ta rungume shi a ƙirji saboda ɗumin, ta juya da gudu.

Kano ba a gidan burodi ta fara sanin gasasshiyar alkama ba. Ba nisa daga nan, cikin ganuwa, a Chediyar 'Yan Gurasa da kewayen Jakara, mata suna manna kwaɓi a cikin tanderun ƙasa suna ciro gurasa tun kaka da kakanni, sana'ar da ake cewa Larabawan fatauci ne suka zo da ita. Ita ce ake yi wa bandashe, a jiƙa ta a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa, ita ce kuma mai tsire ke naɗe nama da ita. Buhu ɗaya suke saye da Alhaji, a kasuwa ɗaya, kuma su abin ya fi yi wa ciwo don jarinsu bai kai nasa ba. A Fabrairun 2024 matan suka fito titi da kwalaye suna kukan tsadar fulawa. A birnin da mace ba ta cika fita zanga-zanga ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna inda wuƙa ta kai.

Rana ta fara fitowa lokacin da na bi mai shayina zuwa teburinsa, yana ɗauke da nasa kason a kai. Ya hura wuta, ya jera gwangwanayen madara da Bournvita da kwalin Lipton, ya tambaye ni ruwan bunu ko mai kauri. Na ce mai kauri. Ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin wani kofin, ya mayar, ya sake, har ya yi kumfa. Ya tsaga burodin ta gefe ya cusa wainar ƙwai mai albasa da attaruhu, ya danne shi a kasko ya juya. A nan na gane dalilin danƙon nan da injin murji ke sha wa wahala. Burodin da zai shiga shayi ya fito bai narke ya zube cikin kofi ba, wanda zai riƙe ƙwai da mai bai yage ba, wanda ɗan dako zai ci da safe ya kai azahar, dole ya zama mai jiki. Masu zama a bencin, direban adaidaita da tela da wani mai gadi da ya taso daga aiki, babu wanda ya yi zancen burodin. Zancen ƙwallo suke yi da farashin shinkafa a kasuwar Dawanau. Da ya yi iska ko tsami da an ji.

Da na koma yin sallama, samarin sun baje a kan buhuna suna barci, ɗaya yana kankare gwangwanaye a bakin famfo, Baba kuma ya tura tiren gyaɗar wata maƙwabciya cikin tanderu don kada sauran zafin ya tafi a banza. Alhaji yana zaure da waya a kunne, littafin bashi buɗe a cinyarsa, yana magana da dilansa na Singa.

"Nawa ta kwana? ... A'a, Alhaji, shekaranjiya fa ba haka muka yi ba. ... To sukari fa? ... Shi ke nan. Rage biyu a cikin abin da na ce, ka turo sauran kafin la'asar. Ragowar kuɗinka sai masu shayi sun kawo."

Ya kashe wayar, ya ƙwalla wa ɗansa kira ya ce a cire buhu ɗaya daga kwaɓin daren yau, sikeli kuma kada kowa ya taɓa shi sai an ga yadda Litinin za ta yi.